Raunin Sigina a Na'urar Auna Nisa da Sauti: Daga Ina Yake Fitowa, Ta Ina Ake Fara Bincike?

Me ya sa na'urar auna nisa da sauti, wadda takardar bayananta ta ce tana kaiwa mita 4, take makancewa tun daga santimita 60? Me ya sa wani lokaci take ba da sifiri a jere, ko kuma lambobinta su riƙa tsalle alhali abin da ake aunawa yana nan bai motsa ba? Ɗalibai da masu haɗa ƙananan na'urori suna yawan kawo wannan kuka, kuma kusan kullum da jimla ɗaya suke rufe shi, wato siginar ba ta da ƙarfi. Daga nan sai wani ya sayo sabuwar sensa, wato ita na'urar awon, wani ya yi ta sauya lissafin da ke cikin manhajarsa har dare ya raba, wani kuma ya ɗora wa Arduino, wato allon ƙaramar kwamfutar da ke tafiyar da sensar, laifi. Abin da ke damuna a wannan magana shi ne, kalmar sigina a nan tana ɗauke da abubuwa uku mabambanta, kuma wanda bai rarrabe su ba zai daɗe yana lalube a duhu, yana gyara wurin da lafiyarsa ƙalau.

Yadda na'urar take auna nisa

Kunnen mutum yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa kusan sau 20,000 a daƙiƙa. Abin da ya haura haka ba ma jin sa, shi ne ake kira altirasonik, kuma da irinsa jemage yake gane hanya cikin duhu. Sensar da ta fi yaɗuwa a hannun masu koyo, HC-SR04, tana aiki da sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wato kilohaz 40. A fuskarta akwai gwangwanaye biyu masu kama da idanu. Wanda aka rubuta wa T shi ne baki, wanda aka rubuta wa R shi ne kunne. A cikin kowannensu akwai wani ɗan faifai na fiyezo, wanda yake motsi idan aka ba shi wuta, yake kuma fitar da 'yar wuta idan aka motsa shi. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, su ne suka gano wannan ɗabi'a a wasu duwatsu a shekarar 1880.

Sensar tana da ƙafa huɗu: VCC ta shigar wuta da GND ta komawarta, sai Trig da Echo. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin, wato maikurokwanturola, tana ɗaga ƙafar Trig, wato tana ba ta wuta, na tsawon maikurosakan 10 (maikurosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa). Sensar sai ta saki bugun sauti guda 8, ta ɗaga ƙafar Echo, ta kasa kunne. Da zarar amsa-kuwwa ta dawo sai ta sauke ƙafar. Tsawon lokacin da Echo ta yi a sama shi ne lokacin da sautin ya ɗauka zuwa da dawowa. Da yake sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafin iska yana digiri 20, kowace santimita ta nisa tana cin kusan maikurosakan 58, shi ya sa ake ganin lambar 58 a kusan kowane misalin manhaja.

Sigina uku a cikin kalma ɗaya

Ta farko ita ce sautin da ke tafiya a cikin iska. Ta biyu ita ce 'yar wutar da kunnen sensar yake fitarwa idan amsa-kuwwa ta taɓa shi, wadda ba ta wuce 'yan milibolt ba, kuma rauninta ɗabi'arta ce, haka aka san ta. Ta uku ita ce abin da ke fitowa a ƙafar Echo, kuma ita ba ta da wani mataki tsakanin ƙarfi da rauni: ko dai tana sama a kusan bolt 5, ko tana ƙasa a sifiri. Saƙon da take ɗauke da shi yana cikin tsawon lokacinta.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Mutum zai ɗora mitar auna wuta a kan ƙafar Echo, ya ga ta nuna rabin bolt ko ƙasa da haka, sai ya yanke hukunci cewa sensar ta mutu ko siginarta ta yi rauni. Amma a duba lissafin. Idan bango yana nisan mita 1, Echo za ta tsaya a sama na milisakan 5.8 kacal, kuma idan ana maimaita awon duk bayan milisakan 60, to kusan kashi ɗaya cikin goma na lokacin kawai take sama. Mita ba ta da saurin bin irin wannan, matsakaici take nunawa, kuma matsakaicin bolt 5 da ke zuwa kashi ɗaya cikin goma na lokaci shi ne kusan rabin bolt. Wato karatun da ya tsorata mai awon shi ne ainihin shaidar cewa sensar tana aiki. Har ma akwai gwaji mai sauƙi a ciki: a matso da littafi kusa da sensar a ga ko lambar mitar ta ragu, a ja shi baya a ga ko ta ƙaru. Idan tana bin hannu, matsalar ba ta cikin sensar, tana tsakanin ƙafar Echo da manhaja.

A fara da wuta

Ko da wace irin alama aka gani, binciken wuta shi ya kamata ya zo farko, domin ya fi sauƙi kuma shi ne ya fi yawan zama sanadi. HC-SR04 ta asali tana buƙatar bolt 5, kuma abin da take ja bai wuce miliamfa 15 ba. Wannan ƙanƙantar buƙata ce take yaudarar mutane su ɗauka cewa wuta ba za ta taɓa zama matsala ba. Sai dai sensar ba ita kaɗai take shan wutar ba. Idan akwai injin sabo (servo), mai juyawa zuwa kusurwar da aka umarce shi, ko injin taya a kan layi ɗaya da ita, duk lokacin da ya tashi yana iya fizgar ɗaruruwan miliamfa a take, layin ya faɗi na ɗan ƙiftawar ido, kuma idan faɗuwar ta zo daidai lokacin da sensar take sauraro, sai karatun ya lalace. Alamar wannan a bayyane take: na'urar tana karatu daidai a kan tebur, amma da zarar tayoyi sun fara juyawa sai lambobi su rikice. Maganin shi ne a ba injinan wutarsu daban, a haɗa GND ɗin ɓangarorin biyu wuri ɗaya, sannan a dasa kafasita, wato 'yar ma'ajiyar wuta, mai nanofarad 100 tare da wata mai maikurofarad 10 zuwa 100 tsakanin VCC da GND, kusa da ƙafafun sensar sosai. Kafasitar da aka ajiye can nesa a ƙarshen doguwar waya amfaninta kaɗan ne.

Awon wutar ma a kan ƙafar sensar ake yin sa, lokacin da komai yake aiki. Na taɓa zama a gaban wani haɗi da ya ƙi wuce rabin mita, allon yana nuna bolt 5 cif, amma da na ɗora mita a kan ƙafafun sensar kanta sai na ga wutar tana lilo a ƙasa da haka duk lokacin da na taɓa wayar GND. Ramin allon gwajin da ake cusa wayoyi a cikinsa ne ya saki, ƙarfen da ke ciki ya buɗe saboda yawan cusawa da zarewa, wayar tana zaune a ciki amma da kyar take taɓawa. Da na matsar da ita rami biyu gaba, nisan ya dawo. Tun daga ranar, idan na ga karatu yana rawa, nakan girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina kallon lambobin kafin in taɓa wani abu.

Akwai kuma batun allunan da ke aiki da bolt 3.3, irin su ESP32 da Raspberry Pi. Idan aka ciyar da HC-SR04 ta asali da bolt 3.3, ko dai ta ƙi tashi ko nisanta ya gajarta ƙwarai. Idan kuma aka ba ta bolt 5 aka haɗa Echo kai tsaye da allon, ana iya ƙona ƙafar allon. Abin da aka saba yi shi ne a ba sensar bolt 5, a rage ƙarfin Echo da rezista biyu, wato abubuwan rage gudun wuta, mai om 1,000 daga Echo zuwa ƙafar allon, mai om 2,000 daga nan zuwa GND, wanda ke ba da kusan bolt 3.3. Wanda ya juya rezistocin biyu zai samu kusan bolt 1.7, kuma allon ba zai riƙa gane shi a matsayin sama ba. Wannan yana cikin 'yan wuraren da za a ce siginar Echo ta yi rauni da gaske. Akwai samfurin HC-SR04P da aka yi don ya ɗauki bolt 3.3 kai tsaye.

Abin da ake aunawa da iskar da ke tsakani

Mita 4 da ke rubuce a takardar bayani tana da sharaɗi, kuma takardar ta faɗe shi: abin da ake aunawa ya kasance shafaffe, faɗinsa bai gaza rabin murabba'in mita ba. Bango ke nan, ko babban allo da ke fuskantar sensar sak. Ƙafar kujera, ko hannun mutum, ko igiya, ba su cika wannan sharaɗi ba. Sauti yana bazuwa yayin da yake tafiya, saboda haka idan nisa ya ninka, ƙarfin amsa-kuwwar da ke dawowa daga bango yana raguwa zuwa rabi, wanda ke dawowa daga ƙaramin abu kuwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan wannan, iska da kanta tana shanye sauti mai kilohaz 40, fiye da desibel ɗaya (ma'aunin ƙarfin sauti) a kowace mita a yanayi matsakaici, ta yadda tafiyar mita 8 zuwa da dawowa take rage shi zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, ban da asarar bazuwa.

Karkata ta fi duk waɗannan ɓarna. Tsawon zangon wannan sauti kusan milimita 8.6 ne, don haka duk fuskar da kaushinta bai kai haka ba, madubi ce a wurinsa. Idan bango ya karkata daga sensar, sautin zai bugi bangon ya wuce gefe, kamar yadda hasken tocila yake yi a kan madubi, kunnen sensar ya yi ta jira shiru kamar an shuka dusa. Wani lokaci ma sautin yakan bugi bango na biyu kafin ya dawo, sai sensar ta ba da nisan da ya fi na gaskiya. Abubuwa masu laushi kuwa, kamar soso da labule da tufafi masu kauri, shanye sautin suke yi, abin da ke dawowa bai kai ya tayar da kunnen ba. Wannan ne dalilin da ya sa mutum-mutumin da ke kauce wa bango lafiya yake afkawa cikin kujerar soso.

Kishiyar wannan ma tana faruwa. Sensar tana amsa wa amsa-kuwwar da ta fara isowa ne, kuma sautinta yana fita a buɗe, kusan digiri 15 ta kowane gefe ko fiye a kusa. Idan aka ɗora ta dab da tebur, ko aka saka ta cikin akwati mai ramin da bakinsa ya ɗan tare gwangwanin, sai ta riƙa ba da lamba ɗaya ƙarama ko me aka sa a gabanta. Mai ita zai ce ba ta gani da nisa, alhali gefen akwatinta take gani. Saboda haka gwajin gaskiya shi ne a fitar da ita fili, a ɗaga ta daga ƙasa, a fuskantar da ita ga bango sak, a riƙa ja da baya sannu a hankali. Idan ta kai mita 2 ko 3 a haka, lafiyarta ƙalau.

Zafin iska ba ya raunana sigina sosai, amma yana karkatar da lissafi. Gudun sauti yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a daƙiƙa a kan kowane digiri, don haka a digiri 35 abin da ke nisan mita 3 zai bayyana kamar ya matso da kusan santimita 8 idan ba a gyara lambar 58 ba.

Idan da gwangwanaye tsirara ake aiki

Duk abin da ya gabata ya shafi sensar da aka sayo a haɗe. Wanda ya sayi gwangwanayen T da R su kaɗai, yana son ya haɗa su da maikurokwanturola da kansa, shi ne yake gamuwa da raunin sigina na haƙiƙa, domin duk aikin da ƙananan cif ɗin da ke bayan HC-SR04 suke yi a ɓoye ya dawo kansa.

Abu na farko shi ne daidaiton kaɗawar. Faifan fiyezo yana da kaɗawar da ya fi so, kuma ƙofarsa ƙunci gare ta: idan aka kauce wa kilohaz 40 da kilohaz ɗaya ko biyu, ƙarfin sautin yana faɗuwa sosai, kuma asarar ninki biyu ce, domin bakin bai yi ƙara ba, kunnen ma bai karɓa da kyau ba. Zagaye ɗaya na kilohaz 40 maikurosakan 25 ne, rabinsa 12.5. Mai koyo yakan rubuta umarnin ɗaga ƙafa, jira na maikurosakan 12, sauke ƙafa, sake jira, yana ganin ya yi daidai. Abin da bai lissafa ba shi ne umarnin digitalWrite da kansa yana cin 'yan maikurosakan a kan Arduino Uno, ta yadda kaɗawar da ke fita takan sauko kusa da kilohaz 30. A wannan matsayi gwangwanin kusan bebe ne. Gyaran shi ne a bar wa agogon cikin cif ɗin wannan aiki. ATmega328P da ke kan Uno yana gudu a megahaz 16, kuma idan aka raba wannan da 400 ana samun kilohaz 40 ba ragi ba ƙari.

Abu na biyu shi ne ƙarfin bugun. Ƙafa ɗaya ta maikurokwanturola tana lilo tsakanin sifiri da bolt 5 ne kawai. Idan aka haɗa gwangwanin tsakanin ƙafa biyu, aka sa ɗaya ta hau lokacin da ɗayar take sauka, lilon da faifan yake gani ya zama bolt 10, ba tare da an ƙara komai ba sai waya ɗaya da ɗan gyaran manhaja. Wanda ke son fiye da haka yana iya amfani da cif irin MAX232, wanda aka yi don wani aiki daban amma yana iya samar da lilon da ya kusan bolt 20 daga bolt 5. A kula dai da iyakar ƙafar cif ɗin, domin ta ATmega328P ba a so a ja fiye da miliamfa 20 daga gare ta, kuma 40 ita ce iyakar ƙarshe.

Abu na uku, wanda a ganina nan ne mafi yawan haɗe-haɗe suke faɗuwa, shi ne ɓangaren karɓa. Wasu sukan haɗa gwangwanin R kai tsaye da ƙafar analog, wadda ke auna yawan wuta, su kira umarnin analogRead. Wannan ba zai yi aiki ba saboda dalili biyu. Ma'aunin Uno yana raba bolt 5 zuwa mataki 1,024, kowane mataki kusan milibolt 4.9, don haka amsa-kuwwar da ta zo da milibolt biyu ko uku ba ta cika mataki ɗaya ba. Sannan analogRead yana ɗaukar kusan maikurosakan 100 kafin ya gama karatu ɗaya, wato bai kai karatu 10,000 a daƙiƙa ba, alhali kama sauti mai kilohaz 40 yana buƙatar fiye da 80,000. Kafin ya ɗauki karatu ɗaya, sautin ya yi zagaye huɗu ya wuce.

Dole ke nan a sa amfilifaya, wato abin ƙara wa sigina ƙarfi, kuma a nan ma akwai rami. LM358 da LM324 su ne suka fi samuwa a hannun masu koyo, kuma mutum yakan zaɓi rezistocin da a lissafi za su ninka sigina sau 500 ko 1,000 a mataki ɗaya. Amma kowace amfilifaya tana da iyaka: ninkin da za ta iya bayarwa yana raguwa gwargwadon saurin kaɗawar siginar. Iyakar waɗannan biyun kusan megahaz 1 ce, kuma idan aka raba ta da kilohaz 40 abin da ya rage kusan ninki 25 ne, ko da wane irin rezista aka sa. Mai haɗin zai ga lissafinsa daidai a takarda, abin da ke fita kuwa ɗan mitsitsi. Mafita ita ce a raba aikin mataki biyu ko uku, kowanne ya ninka sau 10 zuwa 15, da kafasita a tsakaninsu, ko a nemi amfilifaya mai iyakar megahaz 10. Haka nan, da yake siginar tana lilo sama da ƙasa, idan wutar amfilifayar bolt 5 ce da sifiri kawai, sai an ɗaga mazaunin siginar zuwa kusan bolt 2 da rezista biyu, in ba haka ba rabinta na ƙasa zai yanke. Bayan an ninka, ana iya bi da ita ta dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da kafasita don a samu tudu ɗaya mai santsi maimakon kaɗawa, a kai wa na'urar kwatance da za ta ɗaga ƙafa idan tudun ya wuce iyakar da aka sa. Dayod na silikon yana cinye kusan bolt 0.6 kafin ya buɗe, na Schottky kuwa kusan rabin haka, kuma a sigina ƙarama wannan bambanci yana iya zama mita guda ta nisa.

Sai dai ƙara ninki yana da tasa illa. Bakin yana ci gaba da rawa na ɗan lokaci bayan an yanke masa wuta, kuma rawar tana isa ga kunnen ta cikin allon da ta iska kai tsaye. Amfilifaya mai ƙarfi za ta ɗauki wannan a matsayin amsa-kuwwa. Shi ya sa ake toshe kunne na ɗan lokaci bayan bugu, shi ya sa kuma kowace sensa take da tazarar makanta a gabanta: santimita 2 ga HC-SR04, kusan santimita 20 zuwa 25 ga JSN-SR04T mai jure ruwa, wadda gwangwani ɗaya ne yake zama mata baki da kunne. Duk wannan bincike yana sauƙaƙa ƙwarai idan akwai osiloskof, domin shi yana nuna siffar siginar a kowane mataki, abin da mita ba za ta iya ba.

Kurakuran manhaja masu kama da rauni

Umarnin pulseIn yana mayar da sifiri idan bai ga bugu ba cikin lokacin da aka ba shi, kuma idan ba a faɗa masa lokaci ba, daƙiƙa guda cur yake jira. Sifirin nan ma'anarsa ba a ji komai ba, amma manhajoji da yawa suna ɗaukar sa a matsayin nisan sifiri. Idan kuma aka gajarta lokacin jiran fiye da kima, an yanke nisan da hannu: jiran maikurosakan 3,000 ba zai taɓa ganin abin da ya wuce kusan santimita 51 ba, mita 4 kuwa tana buƙatar fiye da 23,000. Maimaita awo da gaggawa ma yana kawo ruɗani, domin ragowar sautin bugun farko yana iya shigowa a cikin sauraron na biyu, dalilin da ya sa takardar bayani ta ce a bar aƙalla milisakan 60 tsakani. Idan sensa biyu ko uku ne a na'ura ɗaya, a riƙa tayar da su bi da bi, don kada kunnen wannan ya ji bakin waccan.

Tacewa a manhaja ko gyara a waya

Masu wannan aiki sun kasu biyu a kan abin da ya kamata a yi da karatu mai tsalle. Wasu suna ganin tsallen ɗabi'ar sensa mai arha ce, don haka a ɗauki karatu biyar, a jera su, a zaɓi na tsakiya, a wuce. Wasu kuma suna ganin yin haka rufe ciwo ne da tsumma. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Zaɓar na tsakiya ya fi haɗawa a raba, domin karatu ɗaya da ya kauce ba ya jan sauran, kuma ko haɗin da ya fi kowanne tsabta yana buƙatarsa. Amma tacewa tana cin lokaci: karatu biyar a tazarar milisakan 60 kusan kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa ne, kuma na'urar da ke tafiya ta riga ta ci ƙasa kafin amsa ta fito. Ra'ayina shi ne a fara kallon karatun tsirara. Idan ɗaya cikin ashirin ne yake kaucewa, a tace. Idan ɗaya cikin uku ne, akwai abin da ya lalace a wuta ko waya ko mazaunin sensar, kuma tacewa za ta ɓoye shi ne kawai har ranar da zai fi haka muni.

Abin da wannan ke jawo wa mai amfani

Waɗannan na'urori ba a kan teburin gwaji suke ƙarewa ba. Ana sa su a saman tankin ruwa don su kashe famfo, a bayan mota don su yi gargaɗi, a sandar makafi don su faɗi abin da ke gaba. A tanki, tururi yana taruwa a kan ragar gwangwanin ya zama ɗigo, faifan ya yi nauyi, sautin ya dushe, kuma HC-SR04 da ba a yi ta don laima ba tana tsatsa a hankali, don haka wurin na mai jure ruwa ne, a kuma ɗaga ta sama da iyakar cikar ruwan fiye da tazarar makantarta. A sandar makaho kuwa haɗarin yana cikin fassarar shiru. Rashin amsa-kuwwa yana iya nufin fili ne a gaba, yana kuma iya nufin akwai ƙofar gilas a karkace, ko mutum sanye da tufafi masu kauri, ko waya ta zare. Manhajar da ta fassara duk waɗannan da cewa hanya a buɗe take za ta tura mai sandar cikin abin da aka yi ta don ta kare shi daga gare shi. Saboda haka a irin wannan aiki ana ware wa rashin amsa alamarsa ta daban, ƙara ko girgiza da mai amfani zai gane cewa na'urar ba ta ji komai ba, a tanki kuma a sa famfon ya mutu da kansa idan karatu ya ɓace sau da yawa a jere.